Ranar da Na Kwantar da Surukina a Zaure

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Juma'a a Kurmin Mashi ba, ko da na so in manta, don har jikokina an ba su labarin.

Shekaru kaɗan kafin mulkin kai ne. Watana biyu da shiga kwas ɗin malaman asibiti a nan Kaduna, amma a Unguwar Kanawa har an fara kirana "Likita", ni kuwa ban taɓa cewa a bari ba. Tun da aka ba ni farar riga na ga duk duniya ta yi mini datti. Mahaifina marini ne, tun da na buɗe ido hannunsa shuɗi ne har gwiwa. Amma in aka tambaye ni sana'arsa a makaranta sai in ce ɗan kasuwa ne. (Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.)

Malaminmu, Malam Bawa, kullum maganarsa ɗaya ce: "Cuta shaidu biyu gare ta. Akwai alama, wato abin da idonka ya gani ko hannunka ya taɓa. Akwai koke, abin da mai jikin ya faɗa da bakinsa. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Ku tambaya kafin ku taɓa." Na rubuta, har na ja layi biyu a ƙasa. A makon ne kuma ya koya mana cewa in leɓen mutum da farcensa suka yi shuɗi, yana haki yana gumi, to jini ya rasa iska, zuciya na neman tsayawa. Ciwo ne na farat ɗaya, ba ya jiran gobe. Wannan kam ya zauna mini daram.

A lokacin ina neman Hajara, ita ma tana sona. Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Sambo mai kwanuka, wanda ya ce 'yan boko ba su da kunya, sai ya ga natsuwata da idonsa kafin ya ba da 'yarsa. Baffa Sale, ƙanin mahaifina, shi ya raka ni gaisuwa. A hanya ya ja mini kunne: "Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. In an gaishe ka ka amsa, ka ja bakinka ka yi shiru."

Muna zaune a zaure sai ga Malam Sambo ya jingina kekensa ya shigo, da babbar riga da naɗi. Na durƙusa yadda aka ce. Ya zauna, ya sauke amawalin rawaninsa daga baki don ya amsa gaisuwa. Nan Shaiɗan ya ce mini ɗan ɗaga ido.

Leɓe shuɗi. Na saci kallon hannunsa, farce shuɗi. Ga haki, ga gumi yana tsiyaya. Alama huɗu cif, kamar an buɗe littafina! Zuciyata ta ce, yau za ka ceci rai ka kuma samu mata.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. "Baba, kwanta! Kada ka motsa!" Na dafe ƙirjin mutumin da ko idonsa bai kamata in kalla ba, na kwantar da shi a tabarma, na sa yatsa na ja leɓensa ƙasa ina leƙawa. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Kada ka wahalar da kanka, Baba, zuciyarka ce!" Baffa Sale yana jan rigata yana cewa, "Kai, ka haukace ne?" ni ina ihu a nemo mota. Cikin gida aka ɗauki salati, maƙwabta suka cika ƙofa. Na hango Hajara a bayan zana tana kuka, sai na ƙara ƙaimi.

Sai ga Iya, mahaifiyar Malam Sambo, ta fito da buta a hannu. Ta dubi ɗanta, ta jiƙa bakin zanenta, ta goge masa leɓe sau biyu, ta nuna mini zanen. Ciwon zuciyar gaba ɗaya ya dawo jikin tsumma.

Shuni ne. Sabon rawani ɗan Kura ya naɗa don ya girmama baƙinsa, shi ya rina masa baki da yatsu. Hakin kuwa keke ya tuƙo da sauri daga masallaci don kada ya bar mu muna jira. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Malam Sambo ya tashi zaune, ya gyara naɗinsa a tsanake. Ya ce, "Likita, ɗan wa ka ce kake?"

Na ce a hankali, "Ɗan Malam Inuwa."

"Wane Inuwa?"

"Marini."

"To, a hannunsa na sayi rawanin nan jiya. Ɗan marini bai san shuni ba?" Zauren ya fashe da dariya, amma shi ko murmushi bai yi ba. "Je ka yi kwana bakwai a marinar mahaifinka. In hannunka ya yi shuɗi ka dawo, ni ma in duba ka."

Na yi kwana bakwan, kullum in na taso daga makaranta. Mahaifina ya matsa ya ba ni wuri a bakin ramin rini, kuma wannan ya fi mini dariyar zaure ciwo. Ran Litinin na shiga aji da farce shuɗi ina ɓoyewa. Malam Bawa ya kama hannuna ya duba, ya ce, "Alama na gani. Saura koke. Me ya same ka?" Ashe labari ya riga ni zuwa.

An ba ni Hajara bayan na gama kwas, tare da suna kyauta: Likitan Shuni. Har na yi ritaya ban sake taɓa majinyaci ba sai na ce, "Me ke damunka?" In kuwa dattijo ne mai naɗi, nakan ƙara tambaya ɗaya: "Baba, rawanin nan sabo ne?"