Ni'mat Ba Ta da Tarikh

Jama'a, tun jiya ƙafafuna ba su yafe mini ba, ni ma ban yafe wa masu hatimi ba.

Ƙanwata Ni'mat tana ajin ƙarshe na sakandare a Umdurman, kuma tarihi ne masoyinta. In tana karanta mini labarin sarauniyoyin dā na bakin Nilu, wallahi sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Ranar Alhamis za a rufe rajistar jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, wanda bai shiga ba sai baɗi. Takarda ɗaya mai hatimi ta rage mata. Muka ɗunguma wani ofishi, ni da ita da kakarmu Hajo, wadda ta ce ba a kai yarinya gaban hukuma babu babba.

Awa huɗu muka yi a layi kafin mu isa tagar Mai Girma Sarkin Hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Ya kurɓi shayi, ya leƙa takardun, ya ce da Larabci yarinyar ba ta da tarikh.

Ku na nesa, a Larabci kalma ɗaya ce ke ɗauke da tarihi da kwanan wata. Shi ranar haihuwa yake nufi, don a gonakin audugar Jazira aka haifi Ni'mat, ba wanda ya rubuta komai. Hajo kuwa ɗaya ma'anar ta ji.

"Mu ne ba mu da tarihi?" Ta gyara mayafi. "Kai yaro, matso da kunnenka."

Ta faro daga kakanta da ya baro Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, da jakinsa da ya ƙi tsallake wani rafi. Mutanen layi suka kasa kunne. Wani makanike daga unguwar Alshajara ya ce, "Hajja, jakin fa, ya tsallake?"

"Ya hajja, lamba nake so!" in ji Mai Girma. "Rana, wata, shekara!"

"Shekarar da fara ta cinye dawa, ranar kasuwa. Rubuta."

Ashe takardar hukuma ba ta da gurbin fara. Aka tura mu ɗakin wani likita, ya buɗe bakin Ni'mat ya duba haƙora kamar mai sayen ragon layya, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Mutum goma sha ɗaya ne a gabanmu, kowa da ɗaya ga Janairu ya fito. Madalla da adalci! Hukumar nan ce fa za ta yanke mata maki a jarrabawa in ta kuskure ranar wani yaƙi da kwana guda.

Hatimi dai ya sauka, rajista ta yiwu. A bas, muna kan gadar Nilu, Ni'mat ta ƙura wa takardar ido.

"Yaya, wanda zai karanta takardun nan bayan shekara ɗari, me zai ce game da mu?"

Na ce zai yi kuka saboda ungozomomin ƙasar nan, bayin Allah masu yin aikin shekara a yini ɗaya.