Dashen da Na Yi da Addar Baba

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka yaye mu daga horon aikin gandun daji ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Har yau idan na bi hanyar Dundaye na hango layin dogon yaro, sai in ji kaina ya yi nauyi, in shiga duba waya alhali ba wanda ya kira ni.

Lokacin na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na kuma shekara biyu a gida ina gadin tabarma. Babana mahauci ne, haka kakana, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Takarda ba ta cika tukunya. Taho ka kama wuƙa, da ita kakanka yaj je Makka." Ni kuwa da digirina a fannin labarin ƙasa, ina ganin in na tsaya a rumfa ina korar ƙuda, ilimi ne gaba ɗaya aka wulaƙanta. (Naman dai ina ci, ban taɓa ƙin wannan ba.)

Ana haka sai wata ƙungiya ta buɗe shirin horar da matasa aikin kula da daji. Wata tara za a yi ana dashen itatuwa ana renonsu, a ƙarshe a ɗauki mutum biyar aiki. Mu talatin aka zaɓa. Aka ba kowa ɗan fili a bayan Dundaye da dashen dogon yaro guda arba'in a cikin baƙar leda. Sharaɗin ba shi da wuyar ganewa: waɗanda dashensu ya fi rayuwa har bazara, su ne masu aiki. Ranar na koma gida na gaya wa Baba ya daina ajiye min wuƙa, ni na zama ma'aikaci saura takarda.

Malaminmu wani tsoho ne, Malam Bube, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a wurin renon itatuwa. Ba shi da satifiket ko ɗaya, hularsa ma ta sha rana har ba a gane kalarta ta asali. Ya durƙusa ya nuna mana yadda ake haƙa rami, a zuba taki, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a yi ban ruwa safe da yamma idan damina ta wuce. Abin da ya fi nanatawa shi ne ledar. "Ku yage ta kahin ku sa ƙasa, ɗiyana. Icce awa jinjiri shi ke, in ba a kwance mai zane ba ƙaƙa za shi miƙe ƙahwa?"

Na yi murmushi irin na masu ilimi. A raina na ce tsohon nan bai san kimiyya ba. Leda ai riƙe danshi take yi, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu danshi ake nema. Saboda haka na binne nawa duka arba'in da ledarsu, na riga kowa gamawa, na zauna a inuwa ina tausaya wa masu yagewa.

Cikin waɗanda na fi tausaya wa akwai Luba, maƙwabciyata a fili, 'yar wani mai sayar da hatsi. Sakandare kawai ta yi. Kullum tana fama da jarka a baro, hannunta duk sartsen ƙaya, in akuya ta leƙo ta bi ta da gudu har bakin hanya. Ni kuma saboda Turancina aka naɗa ni shugaban ɗalibai, sai ayyuka suka yi min yawa. Duk taron da za a yi a otal kan sauyin yanayi ni ake turawa, in yi jawabi kan kwararowar hamada cikin sanyin na'ura, in ci shinkafa da kaza, in dawo. Na ɗauki hoto riƙe da butar ban ruwa ya fi sau ɗari. (A mafi yawan hotunan babu ruwa a butar, don in da ruwa hannu yana rawa.)

Damina ta rufa min asiri, Allah Ya yi min ban ruwa kyauta. Da rani ya shigo, Luba ta tare ni sau biyu. "Shugaba, yaushe rabonka da hilinka? Awaki sun maishe shi gidan biki hwa." Na ce mata kada ta damu, akwai tsarin da nake bi.

Saura mako guda a yaye mu na je duba tsarin nawa. Abu uku na tarar da rai a filin. Biyu dogon yaro ne da awaki suka aske suka bar tsinke, na ukun kuwa tumfafiya ce da ta fito don kanta. Na tsaya a ranar nan gumi na bin bayana, na hango kaina a rumfar Baba da wuƙa a hannu, abokan karatuna suna zuwa suna cewa a ƙara musu hanta. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Da mai hankali ne, da ya je ya sami Malam Bube ya faɗi gaskiya. Ni mai digiri ne, sai na zauna na yi nazari.

Ranar Laraba ana sallame sallar asuba na ɗauki addar da Baba yake sara ƙashi da ita, na hau babur. A bakin hanya kusa da filayenmu akwai wani ƙaton dogon yaro da dattawan unguwar suke zama a ƙarƙashinsa da rana. Na hau na zaɓi rassa miƙaƙƙu masu ganye shar, na sare arba'in cif, na feƙe gindin kowanne, na bi ramukana ina sokawa ina taka ƙasa. Na kwarara ruwa, na jawo ƙaya na kewaye, na cusa addar cikin wani kurmi. Kafin ƙarfe takwas filina ya zama lambu. Na kowa iyakarsa gwiwa, nawa har ƙirji. Na tsaya na kalle su, kuma (Allah Ya yafe min) sai da na ji alfahari.

An ce babban darakta zai iso daga hedikwata ƙarfe tara. Na yi lissafi rassan za su kai goma ba su sunkuya ba. Na manta cewa babban mutum ba ya zuwa a kan lokaci, kuma ranar Sakkwato a bazara ba ta jiran kowa. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Na dinga zirga-zirga da buta ina yayyafa wa ganyen ruwa kamar mai sayar da latas. Iyayen da aka gayyata suna zaune a rumfa suna nuna ni suna cewa ga yaro mai ƙwazo. Baba na cikinsu da shaddarsa ta Juma'a, ya taho da abokansa biyu daga kasuwa don su ga ɗansa ya zama ma'aikaci. A wata taran nan kaf ban yi ban ruwa irin na ranar ba.

Sai wajen sha biyu da rabi motoci suka iso. Darakta ya fito, wani na riƙe masa lema, wani na riƙe masa waya, mai hoto na tafiya da baya a gabansa. Aka fara zagaye. Ya wuce filin Luba bai ko rage tafiya ba, ga nata sirara amma kowanne a tsaye da ransa. Yana isowa nawa ya ja birki.

"Masha Allah! Wannan na waye?"

Na fito ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Ya dafa kafaɗata, aka ɗauki hoto. Ya ɗaga wani reshe don mai hoto ya samu ganyen da kyau, sai ya matso da fuskarsa.

"Kai! Har sun fara 'ya'ya?"

Na leƙa. Ga su nan kuwa, kore-kore, cunkus a ƙarƙashin ganye. Da nake sara da safe miƙewar reshe nake dubawa, ban duba abin da yake ɗauke da shi ba. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san dogon yaro sai ya shekara uku ko fiye kafin ya yi 'ya'ya. Na saci kallon Malam Bube. Yana tsaye hannuwansa a baya, yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura.

"Wata nawa da dasawa?" in ji Darakta.

"Tara, ranka ya daɗe."

Ya juya ga 'yan rakiyarsa. "Kun gani? Wannan shi ne ingantaccen irin da nake gaya muku mun kawo." Duka suka gyaɗa kai. (Irin nan Malam Bube ne ya tsince shi a gindin itatuwan bakin titi, da bakinsa ya gaya mana.) Aka yi tafi, aka miƙo min makirfo in bayyana wa jama'a sirrin nasarata.

Nan ma ƙofar tuba a buɗe take. Na karɓi makirfo na yi minti goma ina bayani. Na yi maganar danshi, na yi maganar leda, na ce lokaci ya yi da za a haɗa tsohuwar hanya da binciken zamani. Na hango Baba ya miƙe tsaye a rumfa yana gyara hula, yana taɓa abokinsa.

Da na gama, Darakta ya ce irin wannan abin alfahari bai kamata ya tsaya a Dundaye ba. A tono masa guda ɗaya da saiwarsa, zai dasa a ƙofar ofis don baƙi su gani. Na ce ranka ya daɗe rana ta yi zafi, tono yanzu zai wahalar da shi. Ya ce a kawo shebur. Sai a lokacin Malam Bube ya ɗago kai.

"Ranka shi daɗe, wanga icce ba shi son shebur. Kama ka jawo kaɗan."

Darakta ya naɗe hannun riga, ya gyara tsayuwa saboda mai hoto, ya kama da hannu biyu ya fizga da ƙarfin wanda yake tsammanin gardama. Reshen ya zaro salin-alin. Ya yi taga-taga da baya, mai lema ya tare shi, hularsa ta faɗi cikin caɓalin da na yi da ban ruwa. Ya tsaya riƙe da sanda mai feƙaƙƙen gindi fari tas, irin turken da ake ɗaure akuya.

Sai ga Baba ya ratso mutane, ya karɓi sandar daga hannun Darakta ba ko sallama, ya juya gindin yana dubawa. Addarsa tana da ɗan giɓi a baki, duk abin da ta sara sai ta bar layi.

"Aradu wanga saran addata na! Tun da sahe nike biɗat ta!"

Ban san wa ya fara dariya ba, amma na san har mai riƙe waya sai da ya durƙusa. Malam Bube bai yi dariya ba. Ya tona gefen ramin da yatsa, ya zaro baƙar leda da busasshen dashe a ciki, saiwar ta nannaɗe kanta ta mutu a ƙunshe. Ya miƙo min ya ce, "Ga binciken zamaninka." Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar an yi rijiya a Dundaye.

Ba a gama ba. Dattawan unguwa sun fito zaman rana sun tarar an yi wa inuwarsu aski, suka bi sawun ganye har wurin taro. Aka kira sunayen mutum biyar, Luba ce ta farko. Ƙarar farko da ta rubuta a matsayin ma'aikaciyar daji ita ce ta saran itace ba izini, kuma sai da ta tambaye ni yadda ake rubuta sunan kakana. Hukuncin da aka yanke min shi ne in sake dasa arba'in in rene su shekara guda, ita ce mai duba ni.

A hanyar gida ina tuƙa babur, Baba na baya, addarsa da na zaro masa daga kurmi tana kan cinyarsa. Sai da muka tsaya a ƙofar gida ya ce, "Shekara arba'in ina saida nama, ban taɓa liƙa ma akuya wutsiyar rago ba. Kai da anka kai makaranta, shi kak koyo?" Wannan maganar ta fi dariyar mutum ɗari ciwo. Washegari da kaina na bi shi rumfa, ba wanda ya kira ni.

Bayan 'yan watanni aka kafa babban allon tallan shirin a bakin titi. Hoton da ke jiki ni ne da Darakta, muna murmushi a tsakiyar rassana, an ɗauke shi minti kaɗan kafin a jawo. Na Luba ba su yi kyau a hoto ba, in ji su. Ita dai tana karɓar albashi, ni ina kan allo, da safe in yi ban ruwa, da rana in kori ƙuda.

Abin da na koya shi ne, in tsoho ya ce ka yage leda, ka yage kawai, ka bar kimiyya sai ka koma gida. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi, kore-kore, a gaban mahaifina.