Gaisuwar da Na Amsa wa Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka haska sunana a bangon laburaren da nake aiki a Keffi. Ni dai a aji uku na ajiye boko. Na yi acaɓa, na yi cajin waya a Tudun Ƙofa, ba inda na zauna, kafin kawuna ya samo min aikin jera littattafai da tada janareto.

Ma'aikatan wurin duk masu digiri ne. Ba wai wulaƙanta ni suke ba, kawai dai ba sa ganina. In sun taru cin abinci, ni ina bayan kantar ƙarshe da fankena.

Sai shugabarmu, Madam Rifkatu, ta kawo wani abu wai shi wiki. Shafi ne a kwamfuta, kowane ma'aikaci zai shiga ya rubuta sanarwa ko ya gyara ta wani. Har ni aka buɗe wa. (Sai da na ba mai shayinmu na unguwar Yara labari, bai ko ɗago ba.)

Da safe na rubuta, "Ina kwananku?" Shiru. Washegari ma shiru. To mu a gidanmu ba a barin gaisuwa a ƙasa, sai na amsa da kaina: "Lafiya lau ƙanena, ya ƙoƙari? Daga Malam Isiyaku." Sunan wani ma'aikacinmu ne na ara. Wallahi sai na ji daɗi. Na ƙaro Anti Ladi, ita ma ma'aikaciyarmu, tana tambayar jikin mamata. Har tsokanata na sa suna yi. Ba wanda ya gane, don ba mai buɗe shafin.

Sai Madam. Ta gani, ta yi murna, ranar da wani baƙo ya zo daga Abuja ta tara mu ta haska shafin a bango.

"Dubi yadda ma'aikatana ke zumunci," in ji ta.

Malam Isiyaku ya gyara tabarau. "Madam, ni fa ko shiga abin nan ban iya ba."

Baƙon ya ce, "Danna tarihin shafin mana."

Ashe wiki ba ya mantuwa, duk wanda ya taɓa shi sai ya ajiye sunansa. Daga sama har ƙasa sunana ne, ni kaɗai, ina gaida kaina ina amsawa.

Anti Ladi ta juyo. "Ayya ɗana, ashe mamarka ba lafiya?"

"Ai har addu'a kin yi mata," in ji Malam Isiyaku.

Aka fashe da dariya. Na ce bari in duba janareto. (Akwai wuta ranar.)

Ba a kore ni ba. Washegari na tarar da amsa ƙarƙashin gaisuwata: "Lafiya lau. A share baranda." Na duba tarihi, Madam ce da gaske. Barandar nan ba ta taɓa shan shara irin ta ranar ba.

Yanzu da baki nake gaida mutane. In ba a amsa ba, aƙalla iska ba ta ajiye suna.