Yadda Za Ka Yi Alƙalancin Dambe a Gaban Surukinka Ka Koma Gida da Haƙoranka

Kai mai neman aure, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, kafin a kira magariba ka zama alƙalin damben zamani, ko da tun da aka haife ka ko katifa ba ka taɓa nausa ba. Hanyar gwadaddiya ce. An gwada ta a kan Mushe Abdulbaƙi (Mushe, wato Malam da Faransanci), malamin firamare a unguwar Adjamé Liberté, kuma har gobe yana numfashi.

Mataki na 1: Cika baki inda bai kamata ba

Je ka gaida mahaifin yarinyar da kake so. Abdulbaƙi ya je shagon Alhaji Nomau, mutumin Nijar da ya shekara arba'in yana sayar da atamfa a Adjamé, mahaifin Jannatu. Alhaji mayen dambe ne, ɗansa Kailu ma ɗan dambe ne, in ba ya sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Gaisuwa ta ƙare, shiru ya yi yawa, sai bakin Mushe ya buɗe ba da izininsa ba: "Ai Baba, ni ma ina ɗan taɓa alƙalancin dambe."

Za a ce maka baki shi ke yanka wuya. Masu faɗin haka ba su taɓa zama minti biyar gaban suruki babu abin cewa ba.

Mataki na 2: Sa farar riga

Ranar Lahadi bayan la'asar aka shirya damben unguwa a Treichville, Kailu zai kara da Sadi bakanike. Alƙalai uku ake bukata a gefen dandamali. Biyu sun zo, na uku cunkoso ya riƙe shi a kan gada. Alhaji ya miƙe yana kaɗa hannu: "Me ake jira? Ga surukina nan, juge ne, alƙalin dambe!"

Surukina! Ran nan kalmar ta fara fita daga bakin Alhaji. Daɗi ya kashe Mushe, tsoro ya tashe shi. In ya ce ƙarya ya yi, kalmar ta koma inda ta fito, Jannatu kuma ta bi ta. Sai ya gyara wuyan farar rigarsa, ya taka zuwa tebur yana gyaɗa wa mutanen da bai sani ba kai. Kai ma haka za ka yi.

Mataki na 3: Saurari doka da rabin kunne

Shugaban taro zai raɗa maka yadda abin yake. Turmi uku ne. Kowane turmi, wanda ya fi ka ba shi goma, ɗayan tara, in an jibge shi sosai takwas. Ka duba naushin da ya sauka tsaf, da wanda ke kai hari, da wanda ya iya karewa. Ka ce, "Na sani mana." Kada ka yi tambaya, gwani ba ya tambaya.

Mataki na 4: Koma wa sana'arka

Aka buga ƙararrawa. Mushe ya dubi takarda, ransa ya ɓaci. Goma? Haka kawai? Shekara goma sha biyu yana koyarwa, bisa ashirin yake ba da maki kamar kowane malamin kirki a ƙasar nan, kuma bai taɓa ba wa ɗan Adam cikakken maki ba. Ya zaro jan biro daga aljihu.

Turmin farko: Kailu goma sha huɗu bisa ashirin, "akwai ƙoƙari." Sadi goma sha ɗaya, "zai iya fin haka." Turmi na biyu: Kailu goma sha biyu, "surutu ya yi yawa," don ya gan shi yana yi wa Sadi gwalo. Sadi goma sha uku da rabi. Rabin nan na tsabta ne.

Mataki na 5: Kada ka waiwaya

A bayanka akwai Jannatu tana tsalle tana ihu: "Kailu, tape-le! Ba shi a hanci!" Akwai Alhaji yana naushin iska, hularsa ta karkace. A gabanka kuma, a turmi na uku, Kailu na kai dama yana sakin hagu, Sadi na shiga ta ƙofar da aka bar masa a buɗe. Sau ɗaya, sau biyu, a na uku Kailu ya zauna daɓas, ya tashi yana neman alƙibla.

Nan ne mai hankali zai rufe ido ya ba ɗan suruki nasara. Mushe ya so ya yi, wallahi ya so. Zufa ta jiƙe farar rigar, ya ga aurensa yana tafiya ba sallama. Amma hannun da ya taɓa kayar da ɗan direktan makaranta ya ƙi. Ya rubuta Kailu shida, Sadi goma sha shida. Kuma da yake hali zanen dutse ne, ya ƙara abin da yake rubuta wa duk wanda ya ci shida.

Mataki na 6: Bari a karanta

Aka tara takardu. Alƙali ɗaya ya ba Kailu, ɗaya ya ba Sadi, saura taka. Mai sanarwa ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce cikin lasifika: "Jama'a, yako, sai haƙuri! Juge na uku ya ce Sadi arba'in da rabi, Kailu talatin da biyu." Ya ƙara matso da ita ido. "Kuma ya ce Kailu ya zo da mahaifinsa!"

Filin ya kece da dariya. Mai sayar da alloko, soyayyar ayaba, ta bar mai a wuta tana riƙe ciki. Aka ɗaga hannun Sadi, don ko da wane ma'auni aka auna shi ya ci.

Mataki na 7: Karɓi uban yaro

Alhaji Nomau ya ratso jama'a, babbar riga na sharar ƙasa, ya tsaya gaban tebur. "Mushe, an ce ana kirana. Ga ni."

Kada ka gudu. Mushe ya miƙe ya ce: "Baba, yaron yana da ƙwaƙwalwa. Amma duk ya kai dama sai ya saki hagu. A gida a riƙa sa masa ido."

Alhaji ya ƙare masa kallo. Sai ya juya ya daka wa Kailu tsawa: "Ka ji ko? Shekara uku ina gaya maka, ka ce tsufa ne!" Ya kama hannun Mushe ya girgiza. "Alƙalanci dai ba ka iya ba, ɗana, ƙarya ma ba ka iya ba. Turo magabatanka ranar Juma'a."

Jannatu ta rufe fuska da mayafi. Kailu ya leƙo ta saman igiya, leɓe a kumbure, ya ce cikin ladabi: "Mushe, zan gyara. In na gyara, gida zan kawo maka ka duba da kanka."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin kumburin ido, ko fasa aure, ko ƙanin mata mai son a duba masa aikin gida. Wanda ya bi matakan nan ya ci nasara, dabarata ce. Wanda ya sha kashi, ban san shi ba, ban taɓa zuwa Treichville ba.