Mai Wayar Ta Rasu

Tun da asuba Mai Famfo yake durƙushe a ƙarƙashin wurin wanke-wanken kakarsa, tocila a baki, sifana a hannu. Kwana shida ke nan famfon yana ɗiga. Shi ba mai yawan alkawari ba ne, in zai zo sai dai a ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ƙarfe bakwai ake jiransa a wani gini, shi ya sa ya yi sammako.

Ya ji jan silifas ɗinta a bayansa. Kafin ya dubi fuskarta sai da ya saci kallon wuyanta, kamar kullum. Wata bakwai ke nan da likita ya taɓa kumburin nan ya ce sai an yi tiyata. Aka sa sunanta a jerin masu jira, aka ce za a kira ta a waya in layi ya zo kanta. Kumburin kuwa bai jira kowa ba. Yanzu gyalen da take naɗawa ba ya iya rufe shi, kuma a zaune take barci don kada numfashi ya tsaya mata.

Ya zare tocilar daga baki. "Ina kwana, tsohuwa?"

"Tsohuwa tana gidanku, ita ta haife ka. Nan amarya ce."

"Amaryar da haƙoranta ke kwana a kofi."

"Ko a kofin sun fi naka haske. Wai ni wannan miji ne? Ko ɗankunne bai taɓa saya mini ba, sai dai ya lallaɓo da duhu kamar ɓarawo ya shige ƙarƙashin famfo."

"Ga roba sabuwa na kawo miki. Ki rataya a kunne."

"Allah ya shirya. Ka dai gaishe ni da kyau, don jiya sau uku na mutu."

Ya yi dariya, domin ya san zancen. Masu kiran banza sun addabe ta: masu tallan maganin ƙarfin gwiwa, masu cewa ta ci mota a gasar da ba ta shiga ba, masu sayar da fili a inda babu fili. Sau goma a yini ba wani abu ba ne. Da ta dame shi da ƙorafi, watan jiya ya ce da ita cikin wasa, "Duk baƙuwar lambar da ta kira, ki ce mai wayar ta rasu." Ita kuwa ta riƙe da gaske. Har murya ta ƙirƙiro, wai ita ƙanwar mamaciyar ce. Kira ya ragu ƙwarai, ta riƙa yi masa gori kamar dabararta ce.

"Su wa aka yi wa mutuwar jiya?" ya tambaya, yana ɗaure bututu.

"Na farko mai mota. Ko ta'aziyya bai yi ba, mara tarbiyya, ya kashe. Na biyu mai fili, shi kuwa cewa ya yi ko magada suna da sha'awa."

"Ai da kin ba shi lambata."

"Ka gaji tsiya. Ta ukun ce mai hankali. Yarinya mai ladabi, ta san sunana har da na ubana. Shekaruna ma ta sani, sai dai ta ƙara mini biyu, munafuka. Da na fasa kuka sai ta yi ta ba ni haƙuri. Ta ce in yi mata afuwa, yanzu za ta cire sunan daga jerin."

Sifanar ta suɓuce daga hannunsa ta daki siminti. Ya fito daga ƙarƙashin famfon da baya, har ya buge kai bai ji ba.

"Wane jeri?"

"Oho. Jerinsu na masu damun mutane mana."

"Ba ni wayar."

"Ka taɓa ganin miji na kirki yana binciken wayar matarsa?"

"Kaka, ba ni wayar nan."

Rabon da ya kira ta Kaka har ya manta. Ta kwance wayar daga bakin zane ta miƙa masa, ta kau da kai. Ya nufi kalandar da ke jikin bango, inda shi da kansa ya maƙala katin asibiti a bayanta. Babu katin. Ya waiga, sai ya hango shi a kan tebur, an danne shi da gwangwanin sukari. Ya ɗauka ya gwada da lambar da ta kira jiya da la'asar, lamba bayan lamba, yana bi da yatsa mai baƙin mai. Babu wadda ta saɓa.

Ya danna kira. Muryar na'ura ta ce ofis ba ya buɗewa sai ƙarfe takwas. Ya sake dannawa, ta maimaita masa.

"Kin san abin da kika yi? Wata bakwai muna jiran kiran nan. Kin kashe kanki a takarda!"

"Wa ya ba ni wuƙar? Ba kai ba ne malamin?"

"Na ce ki faɗa wa masu tallan fili, ban ce ki faɗa wa asibiti ba!"

"To a goshin lambar aka rubuta asibiti? Kai da ko rubutun hannunka ba ka iya karantawa."

Ya buɗe baki zai rama, sai ya sake duban katin. Shi ya san inda ya ajiye shi. Kati ba ya sauka daga bango da ƙafarsa. Ya dubi kujerar da take barci a kai, bargon a ninke yake tsaf, ba a kwana cikinsa ba.

"Tsaya," ya ce a hankali. "Yarinyar nan, ta ce daga asibiti take kafin ki fara kukan, ko bayan kin fara?"

Ta gyara gyalenta. Ta ɗauki gwangwanin sukari ta ajiye a inda yake. Famfo yana ɗiga a cikin bokiti, ɗaya, ɗaya.

"Kafin," ta ce.

Ya sa katin a aljihu.

"Jibi ne za a yi, in ji ta. Jibi fa, maigida. Wuƙa a maƙogwarona. Kakanka da ƙafarsa ya shiga ɗakin nan nasu, yana tsokanata wai in dafa masa shayi kafin ya fito. A gado mai taya aka turo shi, an rufe fuska. Da yarinyar ta faɗi ranar, bakina da kansa ya faɗi abin da ya saba." Ta yi tari, irin tarin nan mai shaƙewa da ke tsinka masa zuciya. Sannan ta washe baki da ƙyar. "Amma ka kwantar da hankalinka. Ni mai sa'a ce tun ina yarinya. Mota ta kife da mu, ni kaɗai na fito ba ƙwarzane. Wannan ma saɓewa zai yi da kansa."

"Sa'a." Ya goge hannu a wando. "Shekara goma sha biyar ina aikin nan, ban taɓa ganin bututun da ya daina ɗiga don an yi masa fatan alheri ba. Wanda aka ƙyale, bango yake ci, wata rana rufin ya sauko. Motar da kike faɗa, ba ke kika ce taga kika fasa da dutsen zobe kika fito ba?"

"Wannan daban."

"Tashi mu je."

"Ba inda za ni."

Ya san ta sarai. In aka yi mata tsawa kafewa take, in aka roƙe ta dariya take. Ya dubi agogon wayar: bakwai saura kwata. Wurin aikinsa kam ya riga ya tafi, mai ginin ba ya jiran kowa. Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu ya zare wayar rediyonta daga bango.

"To shi ke nan. Tunda kin rasu, bari in fara kwasar gado kafin dangi su ji."

"Ajiye mini rediyo!"

"Gawa ba ta jin labarai." Ya rungume rediyon, ya ɗauki butar shayi. "Wannan ma tawa ce. Kujerar nan zan sayar. Haƙoran kuwa sai in ba kare ya yi kwalliya."

"Ɓarawo! Na rantse tun kana cikin tsumma na san ɓarawo ne kai!"

"Ke wace ce ma? Au, ƙanwar marigayiya. Sannu da haƙuri. Ke ba ki da kaso. Ni ne mijin."

"Mijin da ko hawaye bai yi ba!"

"Ina na ga lokaci? Aure zan yi. Yarinyar asibitin nan mai ladabi, ai ga lambarta a hannuna. A ɗakin nan zan ajiye ta, ta sha shayi a kofinki."

"A kofina? Wadda ta ƙara mini shekara biyu?"

"Ita fa. Ita haƙoranta a bakinta suke kwana."

Ta yunƙuro za ta fizge butar, sai ta tsaya. Murfin butar yana ta karkarwa a hannunsa, ƙaf-ƙaf-ƙaf, ya kasa tsayar da shi. Ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa.

"Kuka kake, ƙaton banza?"

"Ruwan famfo ne ya fallatso mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta shige ɗaki. Ya ji ta buɗe akwati, ya ji ta rufe. Ta fito da mayafi da 'yar jaka, haƙora a baki, ta karɓe wayarta ta ɗaure a bakin zane.

"Ba don kai zan je ba. Zuwa zan yi in ga wadda za ta sha shayi a kofina."

Ya kifa mata hular kwanonsa a kai, ta sauko har hanci. Titi bai cika ba tukuna: masu shara suna tattara kwali, motar burodi tana sauke kaya, masu shaguna suna ɗaga ƙofofin ƙarfe. Bai taɓa gudu da ita a babur ba sai yau. Ta riƙe rigarsa da hannu biyu, yana jin numfashinta a bayansa, yana fita da ƙara kamar iska a tsagaggen bututu. A kowace danja lissafi ɗaya yake: in an ba wani gurbin, wata bakwai kuma. Wuyan nan ba shi da wata bakwai.

"Ka rage gudu," ta ce cikin hular. "So kake ka gaskata ƙaryata?"

Takwas saura minti goma suka isa. Doguwar baranda ce mai warin maganin goge ƙasa, da kujerun roba a jere. Tagar ofishin a rufe, amma ta cikin gilashi ya hango wata ma'aikaciya tana ajiye jaka tana kunna kwamfuta. Ya ƙwanƙwasa. Ta nuna masa agogo. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya manna katin a jikin gilashin. Ta matso ta karanta sunan, fuskarta ta canza, ta zuge tagar.

"Allah sarki. Ku ne 'yan'uwanta? Jiya na yi magana da ƙanwarta. Allah ya ji ƙanta."

"Amin," in ji Kaka. "Amma a dakata tukuna."

Ma'aikaciyar ta ƙura mata ido. Ta gane muryar.

"Malama," Mai Famfo ya ce, "ga marigayiyar nan na kawo. Tsoro ne ya kashe ta, ni kuma na tashe ta. Gurbin jibi, yana nan?"

"Na riga na cire ta tun jiya. Na koma kan wanda ke bin ta a layi."

Ya dafa bakin tagar da hannu biyu. Kaka ta matso kusa da shi. Sai ya ji ta kama gefen rigarsa, irin kamun da shi yake yi mata yana ƙarami. Ma'aikaciyar tana ta danne-danne, ba ta dube su ba.

"Sau uku na kira shi jiya, wayarsa ba ta karɓar baƙuwar lamba. Niyyata ƙarfe takwas in nemi ɗansa." Ta dubi agogo, ta dubi wuyan tsohuwar. "Tun asali gurbinta ne, kuma ba a ba kowa ba tukuna. Amma da sharaɗi. Yau za ta kwanta a fara gwaje-gwaje, ba komawa gida. Kuma Mama, in na sake kira aka ce kin rasu, zuwa zan yi in gani da idona."

"Kin ji ko?" ya ce. "Na ce miki tana da hankali."

Kaka ta leƙa ta tagar, ta ƙare wa yarinyar kallo sama da ƙasa.

"'Yata, kada ki yarda da shi. Kwana shida yana gyaran famfo ɗaya." Ta juyo gare shi tana dariya, dariyar da ke rawa. "Ka gani? Na ce maka ni mai sa'a ce."

"Sa'ar da aka ɗauko a babur."

"To na ji, ka ci wannan." Ta kwance makullin ɗakinta daga bakin mayafi ta danƙa masa a tafin hannu, ta rufe yatsunsa a kai, ta ƙi saki. Hannunta sanyi ƙalau. "Aro ne, ba gado ba. Ka gyara famfon, ka mayar mini da rediyo inda yake. Kuma jibi ka tsaya a bakin ƙofar nan. Kada ka je ko'ina."

"Ina za ni? Ni da nake jiran buta."

Wata nas ta fito da takarda tana kiran sunanta. Kaka ta ɗauki jakarta, ta yi taku biyu, sai wayar ta yi ƙara a bakin zanenta. Ta kwance ta duba. Baƙuwar lamba ce. Ta dube shi ta wutsiyar ido, ta kara a kunne.

"Mai wayar tana nan da ranta," ta ce. "Kuma ba ta sayen fili."

Ta kashe, ta bi bayan nas ɗin.