Yadda Za Ka Karɓi Diyyar Asirinka da Aka Naɗe Tsire da Shi

Kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. In kana cikin waɗanda asibitin kuɗin nan na unguwar Tunga a Minna ya zubar da takardun jinyarsu bara, saboda ya sayi kwamfuta, mai gadi kuma ya kwashe ya sayar wa masu tsire, to kakarka ta yanke saƙa. Barista Kingsley ya kai ƙara a madadin kowa, asibiti ya ce a sasanta. Bi matakan nan, diyya kamar tana aljihunka. Zan riƙa misali da maƙwabcina Ndagi ɗan acaba, don ka ga abin da ba a yi.

Mataki na 1: Tabbatar asirin ya tonu

Lauya ba ya aiki da "an ce". Zaga masu tsire har ka samo takardarka, da mai da yaji a jiki. Ndagi bai ma wahala ba. Malam Garba, mahaifin Hidaya da aka sa musu rana da Ndagi bayan Sallah, shi ya sayi tsiren, ya cinye, ya karanta. Ga sunan Ndagi, ga unguwarsa Barkin Sale, ga ciwon sanyi irin wanda ba a kamuwa da shi a masallaci.

Mataki na 2: Tuna wa ka ara wa katinka

Ka san gidan haya. Kati ɗaya ake yanka, ya riƙa yawo ɗaki-ɗaki kamar guga. Wanda jiki ya ƙi ya ɗauka, in an kira sunan mai kati ya amsa. Ciwon nan na Jonah ne, mai gyaran janareta da ɗakinsa ke kallon na Ndagi. Matarsa Christiana ba ta sani ba.

Mataki na 3: Rantse duka naka ne

Asibiti ya ce wanda ya ba da aron kati shi ma ya cuce su, ba shi da ko sisi. Saboda haka rungume komai: hawan jinin tsohon gida, basir ɗin tela. In an rubuta an cire maka haƙorin da har yanzu yake bakinka, yi rantsuwar baki a tsuke.

Mataki na 4: Ajiye gaskiya biyu

Ta kotu daban, ta zauren surukai daban. A can ka ce naka ne, a nan ka faɗi sunan mai shi, ka kakkaɓe rigarka. Nan Ndagi ya kwafsa.

Ranar da Malam Garba ya aiko kiransa, Jonah ya tare shi a bakin rijiya. "Ɗan'uwa, ka rufa mini asiri. In Christiana ta ji, za ta kwashe yara ta koma Kafanchan."

A zaure Malam Garba bai ja zance ba. "Ndagi, in ba kai ba ne, faɗa mini wane ne, in kira shi ya faɗa da bakinsa."

"Baba, wallahi ba ni ba ne. Amma ba zan iya faɗin mai shi ba."

"To, ni ma ba zan iya ba ka 'yata ba."

Kafin la'asar an mayar da kayan sa rana. Ndagi ya yi kuka a gabana, ni kuwa haushinsa nake ji har gobe. Suna ɗaya fa, mutumin nan ya kasa furtawa.

Mataki na 5: Je da kanka

Ba a aike. Ranar biya ana jera mutane ne bisa ciwonsu, don aiki ya yi sauri, ana kiran suna da lasifika. Wanda bai ci tsire ba a Minna, ranar zai ji labari. Sa hular kwano in kana da ita.

Mataki na 6: Karɓa ka yi godiya

Bayan Barista ya cire ladan wahalarsa, kowa ya tashi da sabon kati kyauta, na roba mai sheƙi. Kada ka raina, maraba da arziki ko na kati ne. Ndagi ya karɓo nasa a makon da aka ɗaura wa Hidaya aure da wani malamin makaranta a Fadikpe.

Ko kwana katin bai yi ba, Christiana ta yi sallama, ɗanta na zazzaɓi, a ara mata. Ndagi ya miƙa. Ta sa bakin zane ta karɓa, kada hannunsu ya haɗu.

"Allah ya ba ka lafiya, Ndagi," in ji ta. "Amma don Allah ka rage zama da Jonah. Mijina mutumin kirki ne, kada ka koya masa."

Ndagi ya ce, "To, Maman yara. Allah ya sauwaƙe wa yaro."

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan aurensa ya mutu, ko ya ƙi bi aurensa ya fasu, kada ya zo ƙofata, shawara na bayar ba 'ya ba. In kuma ka tsinci wannan takarda naɗe da tsire, ci abinka, babu asirin kowa a ciki sai na Jonah.