Gidan Sauron Inna

Har yau ban manta da wata Laraba ba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a ɗakin taron ofishinmu da ke Potiskum. Akwai shugabar bincikenmu, wadda muke ce wa Dakta, da baƙi biyu daga Damaturu, da ni, da Falmata. Ranar ce za a zaɓi mutum ɗaya da zai kai rahotonmu Abuja.

Binciken a kan gidan sauro ne a unguwar Dogo Nini, kuma an raba shi gida biyu. Ni ke da takardun tambayoyi da alƙaluma. Falmata kuma aikinta shiga cikin gidaje, ta zauna a tabarma ta saurari mata. Kullum Dakta na cewa, "Falmata, kin ji abin da muke nema." Ni kuwa da na yi makonni ina gasuwa a rana, iyakar abin da na samu "sannu da ƙoƙari". (Na ƙirga yabon da aka yi mata. Ƙirga ai sana'ata ce.)

Ni na fara bayani. Na nuna jadawali mai launi uku, na sanar cewa kusan kowane gida ana kwana cikin gidan sauro. Abin da ban faɗa ba shi ne, da yake ni namiji ne, a zaure nake tsayawa. Maigida ya fito, ya ga katin aiki a wuyana, ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam," ni kuma in yi maki.

Da Falmata ta tashi, sai ta ce mata da yawa sun gaya mata zafi ba ya barin su rataya gidan sauron, wasu ma sun ba shi wani aikin.

Na ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, wannan hira ce, ba bincike ba. Ina hujja?"

"Akwai hoto, Malam," in ji Falmata, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Mai gidan ta yarda a nuna, amma ba zan faɗi ko wace ce ba."

Hoton ya fito a bango: gidan sauro shuɗi, an kafe shi da sanduna huɗu, 'yan tsaki na kiwo a ciki saboda shirwa. Gefe ga turmi mai tsaga, ga ƙofar langa-langa koriya. Ni na shafa mata fentin da Sallar bara.

"Kai! Ai kajin Inna ne!" Bakina ne ya faɗa, ban aike shi ba.

Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa saboda dariya. Dakta ta cire tabarau.

"Wa ya amsa tambayoyin gidan mahaifiyarka?"

"Ni, ranki ya daɗe."

"Me ka cika?"

"Cewa tana kwana a ciki kullum."

Tun daga ranar, idan alƙaluma suka ba ni amsa mai daɗi, sai na nemi wanda ya wuce zaure na tambaye shi.

An haɗa alƙalumana da hirarta a rahoto ɗaya, aka sake bin gidajen tare da mata masu tambaya. Falmata ce ta je Abuja. Na saya wa Inna sabon gidan sauro. Yanzu da shi take rufe barkonon da ta shanya.